Daga Kwanar Dawaki Zuwa Kadawa: Takalmin Da Ake Bari A Bakin Ruwa

Wannan karon ba nisa za mu yi ba, kudu da birnin Kano kaɗan za mu leƙa, wato ƙasar Dawakin Kudu da maƙwabtanta Kura da Bunkure, inda mai yiwuwa tumatirin miyarki na yau da shinkafar da ke tukunyarki suka fito. Sai dai ina da roƙo guda kafin mu shiga mota. Idan mun isa, kada koren gonaki ya ɗauke miki hankali gaba ɗaya, ki riƙa sauke ido ƙasa kina duban ƙafafun mutane, da abin da suka sa, da kuma abin da suka cire suka ajiye. Domin kuwa a wannan yanki mai ruwa da taɓo, takalmi ya wuce maganar ado kamar yadda muka ɗauke shi a cikin gari, kuma sau da yawa ke ce mai sayo shi, ko mai aikawa a sayo.

Daga Na'ibawa mota za ta miƙi titin Zariya, ba a jima ba ki ji yaran mota suna kiran Kwanar Dawaki. Nan hanya ta ratse ta hannun hagu ta nufi garin Dawakin Kudu. Duk wadda ta haifi ɗa namiji mai ƙoƙarin karatu a Kano ta san sunan garin, saboda makarantar kimiyya ta kwana da ke can, wadda ita da takwararta ta Dawakin Tofa aka mayar da su na kimiyya zalla a shekarar 1977. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu biyu ba su ƙirguwa. To in kin dace da ranar dawowa daga hutu, ki tsaya a gefe ki sha kallo. Ga akwati, ga bokiti, ga katifa a naɗe, ga iyaye ana ta ja wa yara kunne. Sabbin ɗalibai ba su ɓuya, ko ba ki tambaya ba tafiyarsu za ta faɗa miki. Za ki ga yaro yana jan ƙafa, dunduniya na fita tana komawa, takalmin sabo fil amma da alama da wansa aka yi nufi.

Ban ga laifinki ba, 'yar'uwa. Kowa ya san yadda kayan makaranta ke cin kuɗi, shi ya sa uwa takan ce a ƙaro lamba biyu, ai zai girma a ciki. Amma ki duba abin da ke faruwa bayan kin juya baya. Ƙafar da take yawo a cikin takalmi dole yatsu su riƙa danƙarewa don su riƙe shi, dunduniya kuma ta riƙa gogar bayansa a kowane taku. Kwana uku ba su cika ba bororo ya fito, ya fashe, fata ta saɓule. Yaro ba zai kai ƙara wurin kowa ba, kunya yake ji, sai ya take bayan takalmin ya mayar da shi kamar silifa, ko ya cusa shi ƙarƙashin gado ya koma wa silifan wanka. Ke kuwa kina gida, sai ranar ziyara za ki gani. Kuma kafin ƙafar ta cika wannan wurin da aka bar mata, takalmin ya riga ya mutu. Kin ga an yi ba a yi ba ke nan.

Bari in ɗan ɗauke ki daga Dawaki zuwa wasu ƙasashe masu sanyi, don akwai mutanen da suka mayar da gwajin takalmi ilimi mai zaman kansa, kuma akwai abin da za mu ara a wurinsu. Na san yaranki sun taɓa nuna miki a talabijin ko a waya masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, waɗanda suke juyi kamar katantanwa, su yi tsalle su wulwula a sama su dira da ƙafa ɗaya. Wasan tsoho ne, tun gasar Olamfik ta 1908 a Landan aka fara sa shi. Takalminsu mai tauri ne, ya haura idon sawu, a ƙasansa an kafa wani ƙarfe kamar wuƙa wanda kaurinsa kusan milimita 4 ne kacal. A kan wannan ɗan siririn ƙarfe mutum yake dira da ninkin nauyin jikinsa sau da dama. In ƙafa ta motsa a ciki ko kaɗan, ƙarfen zai karkace, sai faɗuwa ko targaɗe. Ko igiyar takalmin ba abin wasa ba ce. A gasar 2010 a birnin Bankuba na Kanada, wani ɗan Japan mai suna Nobunari Oda igiyarsa ta tsinke yana tsakiyar wasa, dole ya tsaya, aka rage masa maki, ya ƙare a na bakwai.

Saboda haka su ba sa shiga kanti su ce a ba ni lamba kaza. Mai gwadawa zai tsayar da mutum a tsaye, ba a zaune ba, ya auna ƙafa biyun duka, tsawo da faɗi, don da wuya a sami wanda ƙafafunsa biyu suka zo daidai da juna. Zai zaro shimfiɗar cikin takalmin ya ce a taka ta, a ga inda yatsu suka tsaya da inda ƙafa ta zubo gefe. In an sa, sai a buga dunduniya baya ta zauna daram, a ɗaure igiya, a lanƙwasa gwiwa. Dunduniya ba za ta ɗaga ba, yatsu kuma su iya motsi ba tare da sun dunƙule ba. Safa siririya suke sawa, wasu ma ba sa sawa. Galibi lambar da ta yi musu takan gaza ta takalmin yawonsu. Kamfanoni irin su Jackson na Kanada da Edea na Italiya suna yin waɗanda ake ɗumamawa su yi laushi a gyara su daidai siffar ƙafar mai su. In wani ƙashi ya turo yana gogar gefe, akwai abin da ake buɗa daidai wurin da shi, ba a canja takalmin gaba ɗaya. Bayan duk wannan, ba a wuni da sabon takalmi a ranar farko, kaɗan-kaɗan ake sawa har ya saba da ƙafa. Ko yaransu masu girma, ɗan wuri kaɗan ake bar musu, don sun san takalmin da ya yi yawa shi ke karya yaro.

Za ki ce ina ruwan biri da gada, mu da ko ƙanƙarar sanyaya zoɓo sai mun saya? To mu koma mota, za ki ga ruwanmu.

Daga Kwanar Dawaki in an ci gaba a titin Zariya za a haye gadar Tamburawa, wadda har yanzu ƙasar Dawakin Kudu ce. Nan matatar ruwan da ke shayar da wani ɓangare na birnin Kano take, kuma daga kan gadar za ki hango masu lambu a bakin kogi. Gaba kaɗan sai Karfi, garin ɗanyar masara, inda hanya ta rabu zuwa Bunkure da Rano. In aka miƙe kuwa sai Kura, sai Kwanar Gafan inda kasuwar tumatir take, sai Kadawa. Ko a watan Maris kika zo, lokacin da ƙasar Hausa ta bushe ƙamas, nan kore za ki tarar shar, iya ganinki. Asalin abin daga madatsar ruwa ta Tiga ne, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga can ruwa yake gangarowa da kansa ta babban kanal, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu zuwa ƙanana har ya iso bakin gonar mutum a Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin a kan kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Da sanyi alkama da tumatir da albasa, da damina shinkafa, masara kuwa kusan ba ta yankewa. Wato manomin wannan yanki, shi da 'ya'yansa da 'yan ƙwadagonsa, ƙafarsu ba ta rabuwa da ruwa shekara ta zagayo.

Yanzu ki sauke ido. A bakin ƙaramin kanal, gindin wata bishiya ko kusa da babur, ba wuya ki ga dogon takalmin roba a ajiye, ƙafa biyu a jere kamar masu jiran a yi musu izini. Mai shi yana can cikin fangali, wando a naɗe, ruwa har ƙauri, ƙafa tsirara. Ya sayi takalmin, ko an saya masa, ya ɗauko shi tun daga gida, amma da aiki ya yi aiki sai ya tuɓe. In kin tambaya, amsar ba ta wuce uku: nauyi gare shi, ko zafi, ko taɓo na cire masa shi. Dukkansu gaskiya ne, kuma biyu daga ciki maganar gwaji ce. Takalmin da ya yi yawa, in aka taka taɓon shinkafa, ƙafa ce ke fitowa ta bar shi a ciki. Mutum zai yini yana danƙare yatsu yana jan sa, zuwa azahar ƙwauri ya gaji, shi ne nauyin da ake faɗa. Wanda ya matse kuwa, roba ba fata ba ce, ba ta buɗewa ko shekara za a yi ana sawa. Yadda ya ci ƙafa ranar farko haka zai ci ta ranar ƙarshe.

Abin da ke jiran wannan ƙafa a cikin ruwa shi ne dalilin da ya sa na taso ki. Na farko tsargiya, wadda muke kira fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi masu son ruwa mai tafiya a hankali, irin na ƙananan kanal masu ciyawa. Daga jikinsu take fitowa ta yi iyo ta huda fatar mutum, ba sai da ciwo ko tsaga ba, lafiyayyar fata ma shiga take. Masu bincike sun daɗe da sanin cewa wuraren noman rani na madatsun ruwa, har da wannan yanki, suna fama da ita. Har yau akwai masu ɗaukar jini a ƙarshen fitsarin yaro alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, cuta ce, in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana ƙarar da jini, a wurin mata kuma tana iya taɓa al'aura da mahaifa har a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Maganinta sananne ne, praziquantel, shi ake rabawa a makarantu, kuma ma'aikacin lafiya ne ke auna adadin da ya dace da yaro. Kada in yi miki daɗin baki: takalmi ba ya kare hannun da ke cikin ruwa, ba ya kare yaron da ya tuɓe ya faɗa kanal wanka da tsakar rana. Wannan sai tsawatarwa da magani. Amma mai ban-ruwa da ke tsaye awa biyar a fangali, takalmin da ya zauna masa yana rage masa da yawa.

Sai maciji. Mafi yawan saran da ake yi wa manoma a ƙafa ne, daga gwiwa zuwa ƙasa, kuma ban-ruwa na dare da na asuba ba baƙon abu ba ne a nan, don in layin ruwa ya zo kanka ba ka ce sai gari ya waye. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk ba su san sabo ba. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma dogon takalmi na daga cikin kariyar farko da take ba manoma shawara a kai. Akwai kuma tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa a damshin ƙasa tana shan jini, ga ƙaya, ga fasasshiyar kwalba, ga cin ruwa a tsakanin yatsu. Ga kuma maganin feshi. Tun da tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta yi ɓarna mai yawa a 2016, kowa ya san yadda ake yawan feshi a gonakin tumatir. Mai feshi yana tafe maganin na sauka a ƙafarsa. A nan ki gaya wa maigida ko ɗanki abu guda: ranar feshi ƙafar wando a kan takalmi ake sake ta, ba a cusa ta ciki, in ba haka ba duk abin da ya gangaro cikin takalmin zai taru, ƙafa ta yini a jiƙe da guba.

To yaya ake gwajin? A nan ne darasin masu ƙanƙara zai yi mana rana. Al'adarmu ita ce a karyo tsinken tsintsiya ko a yanko zare a auna ƙafar yaro, a ba maigida ya tafi da shi kasuwa. Ba laifi, ya fi cinikin biri a sama. Amma tsinke tsawo kaɗai ya sani, bai san faɗi ba, bai san tudun bayan ƙafa ba. Mu kuwa da muka tashi cikin silifa da tafiya ba takalmi, gaban ƙafarmu yakan fi faɗi, yatsu a baje, alhali yawancin takalman kanti an yanka su ne da siririn baki. Shi ya sa mutum zai gwada lambarsa ya ji ta matse shi a gefe, sai ya hau lamba ɗaya, ya ƙara ɗaya, har gefen ya sake. Ya sami faɗi, amma ya sayi tsawon da ba nasa ba. Wannan shi ne asalin yawancin takalman nan da kike gani suna faɗuwa a taɓo. Maganin ba ƙarin lamba ba ne, canjin samfuri ne, a nemi mai faffaɗan baki.

Ita kanta lambar kada ki ba ta amana. Lambar Turai, irin su 38 da 42, kowace uku santimita 2 ce. Ta Ingila, irin su 6 da 8, kowace ɗaya sulusin inci ce, kuma 8 ɗin Ingila ita ce wajen 42 ta Turai. Amma 42 ɗin wannan kamfani ba lallai ta zama ta wancan ba, na Aba daban, na Sin daban, na gwanjo kuwa ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In mai ƙafar zai iya zuwa kasuwa, ya je da kansa, kuma da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini ana tsaye. Ya tafi da irin safar da zai riƙa sawa. A gwada ƙafa biyun, a bi wadda ta fi girma. A takalmin makaranta, yaro ya miƙe tsaye, ki danna babban yatsanki a gaba: tsakanin yatsansa mafi tsawo da bakin takalmi a sami kamar faɗin yatsanki guda, wato santimita 1 zuwa 1 da rabi. Ba ƙari. Ki lura, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na kusa da shi ne. Sai ya yi tafiya, ba taku biyu a kan kwali ba, ya je ya dawo, ke kuma kina kallon dunduniya. Kada ki tambaye shi ko ya yi, don yaron da ya ƙyalla ido a kan sabon takalmi ko yana cizonsa zai ce ya yi. Ki cire, ki duba ƙafar, duk inda ya yi ja ko ya kwanta nan ne bororo zai fito. Mai igiya ko mai maɗauri ya fi wanda ake zurawa kawai, don ana iya ɗaure shi daidai ƙafa. In mai kanti ya ce miki ai zai buɗe, ki sani fata takan ɗan buɗe ta gefe, amma ba takalmin da ke ƙara tsawo.

Dogon takalmin roba kuwa ba shi da igiya, saboda haka bayan ƙafa da idon sawu su ke riƙe shi. Ya kama nan ɗin ba tare da ya matse ba, yatsu su sami wurin motsi, dunduniya ta ɗan ɗaga kaɗan amma kada ta fito. Gwaji mai sauƙi: ya sa, ki taka masa bayan takalmin ko ki riƙe da hannu, ya ɗaga ƙafa. In ta zare salin-alin, haka taɓo zai zare ta. Ya tsuguna kamar mai dashe ya ji ko bakin yana yankar bayan gwiwa. Safar auduga tana shanye gumi ta rage zafin da ake kuka da shi, kuma gara a yi masa guda biyu yana canjawa. In an dawo gida a ɗauraye, a kife a inuwa, kada a bar shi a rana ko a bakin murhu don roba tsagewa take. Da safe kuma a zazzage kafin a zura ƙafa, kunama na son irin wannan ɗaki.

Na san da yawanku ba ku fita kasuwa, yaran ma ba kullum ake ɗaukar su zuwa Sabon Gari ko Ƙofar Wambai ba. To ga abin da ya fi tsinke. Ki samo kwali, yaro ya taka a tsaye da yamma, nauyinsa duka a kai, ki zagaye ƙafar da biro a miƙe, kada ki karkata shi ciki. Ki yi wa ƙafa biyun. Ki ƙara faɗin yatsa guda a gaba, ki yanke da almakashi. Wannan kwali shi za a zura cikin takalmin a kasuwa: in ya lanƙwashe a gefe ko a gaba, ya yi kaɗan, in yana yawo, ya yi yawa. Ki kuma roƙi maigida ya yi sharaɗin canji da mai kaya tun kafin ya biya, a gida kuma a gwada a kan tabarma don kada ƙasan ya ɓaci a ƙi karɓa.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Kano garin dukawa ne. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yadda ake fitar da takalman Kano zuwa ƙasashe masu nisa, kamar yadda baƙin rawanin Kura mai ƙyalli, wanda aka rina aka buga a garin da muka ratsa ɗazu, yake kaiwa har wurin Buzaye a cikin Sahara. Baduku ba ya tambayar lamba, ƙafa yake kallo, ya zana ta, ya yanka fata a kanta. Har gobe akwai masu ɗinka takalmi a kan awo a cikin birni, kuma ga mai faffaɗar ƙafa ko wadda ƙashin babban yatsanta ya turo, sau da yawa sun fi kanti. Ko wanda aka riga aka saya, in wuri ɗaya ne yake ciwo, shumeka na iya buɗa wurin, daidai yadda ake yi wa na masu ƙanƙara.

Kafin mu juya, mu leƙa cikin garin Kura mu gaisa da mata. Garin ya yi suna wajen shinkafa, injinan casa ko'ina, kuma turara shinkafar kafin a kai inji yawanci aikin mata ne a cikin gida. Tsayuwa ce ta yini a tsakanin manyan tukwane, ga ruwan zafi, ga garwashi, ga ƙasa mai santsi, ƙafa kuma cikin silifan da ya sha jiki har dunduniya na taɓa ƙasa. Wadda ke wannan sana'a ta cancanci takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ko da na roba ne, daga cikin ribarta. Haka matan da ke fita tsinkar tumatir da shiƙar shinkafa, waɗanda in sun sami dogon takalmi ma galibi na maza ne, ƙafarsu na iyo a ciki. Gara a nemi ƙaramar lamba ko ta samari da a cusa tsumma a gaba. Ke ma ki tuna ƙafa takan kumbura da juna biyu, wasu kuma ba ta komawa lambarta ta da bayan haihuwa, don haka takalman lefe ba dole su ci gaba da yi miki ba, kada ki takura kanki don kunyar a ce ƙafarki ta ƙaru.

Mai ciwon suga a gidanki, ko maigida ne ko surukarki, nasa gwajin ya fi na kowa muhimmanci. Ciwon yakan kashe jin ƙafa, takalmi ya yi ta cin mutum bai sani ba, ƙaramin bororo ya zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. Shi ba a tambayarsa ko ya matse, dubawa ake yi. Sabon takalmi awa ɗaya ko biyu zai sa a kwanakin farko, a cire a duba. A riƙa shafa cikin takalmin da hannu kafin ya sa, ko tsakuwa ta faɗa. Lokacin alwala dama ce ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu sau biyar a rana, a kuma tsane su sosai. Duk ciwon da aka gani, komai ƙanƙantarsa, asibiti za a nufa, ba mai yankan farce ba.

Motocin komawa Kano ba sa wuya a bakin titin Kura, amma gara ki taso kafin magariba saboda manyan motoci. In kin iso Karfi ki tsaya ki sayi masara, ki taya da kyau, kuma ki ɓare ki gani kafin ki biya. Kwalayen nan na awo kuma kada ki zubar bayan an yi sayayya. Ki rubuta sunan kowane yaro da kwanan wata a jikin nasa ki adana. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara 5 ki sake ɗora ƙafarsu a kai bayan wata uku ko huɗu, 'yan makarantar kwana kuma duk hutu, tun a makon farko, don a sami lokacin canji kafin ranar komawa.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.